Abin da ya kamata ku sani game da yaƙi da maguɗi da mutuwar dawaki a filayen tsere

Daga ranar 26 ga Disamban 2018 zuwa ƙarshen Yunin 2019, dawaki 30 suka mutu a filin tsere guda ɗaya tak, wato Santa Anita da ke gefen birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba annoba ce ta shiga barga ba. Dawaki ne ƙosassu masu tashen ƙuruciya, ba a rage su da ci ko kulawa ba, amma mafi yawansu ƙafa ce ta karye musu suna tsakiyar gudu, wasu a tsere, wasu a atisayen safe. A watan Maris aka rufe filin na 'yan makonni, aka binciki ƙasarsa, aka sake buɗewa, mutuwar ba ta tsaya ba. A watan Nuwamba na shekarar, a babbar gasar Breeders' Cup da ake nunawa kai tsaye a talabijin, wani doki mai suna Mongolian Groom ya karye a idon duniya, a wannan filin dai.

Abin ya tayar wa Amurkawa hankali, har waɗanda ba su taɓa leƙa filin tsere ba suka fara tambayar ko ya dace a ci gaba da wannan wasa. Masu harkar suka gane cewa in ba a gyara ba, wata rana za a rufe musu filayen gaba ɗaya. Gyaran da aka shiga tun daga lokacin akan kasa shi gida biyu: kare lafiyar doki da mahayinsa, da kuma hana maguɗi. A takarda abu biyu ne, amma a barga kusan abu ɗaya ne, domin allurar da ake yi wa doki don ya ci tsere, sau da yawa ita ce ke ɓoye ciwon da zai kashe shi.

Wane irin doki ake magana a kai?

Thoroughbred jinsin doki ne da Turawan Ingila suka samar a ƙarni na 17 da na 18, ta hanyar haɗa goɗiyoyinsu da ingarmun da aka kawo daga ƙasashen Larabawa da Turkawa. Duk dokin wannan jinsi da ke raye a yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, a kan ɗaya daga cikin ingarmu uku za ta tsaya: Byerley Turk, da Godolphin Arabian, da Darley Arabian wanda aka sayo a Halab ta Siriya aka kai Ingila a 1704. Tun 1791 ake rubuta asalin kowane dukushi a wani littafi na musamman, kuma wanda sunan iyayensa ba ya ciki ba a lissafa shi a jinsin.

Shekara 300 ke nan ana zaɓen uwa da uba a kan abu ɗaya, wato gudu, an kuwa samu abin da ake nema. Dokin tsere yakan kai kilo 450 zuwa 500, yana kuma sheƙa gudun kilomita 60 a awa ko fiye. Sai dai ƙafar da ke ɗauke da wannan jiki siririya ce. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne kawai da jijiya da fata. A cikin kowane zagayen takun sukuwa akwai lokacin da nauyin doki da na mahayi, haɗe da ƙarfin gudun, ke sauka a kan ƙafar gaba guda ɗaya. In kuka ga hoton da aka ɗauka a daidai wannan lokaci, za ku ga gaɓar da ke saman kofato ta lanƙwashe har ta kusa taɓa ƙasa. A wannan gaɓa, da wasu ƙananan ƙasusuwa biyu da ke bayanta, aka fi samun karayar da ke kisa.

Mutane kan tambaya me ya sa ba a ɗora doki kamar yadda ake ɗora mutum. Wata karayar tana ɗoruwa, ana kuma yi. Amma doki ba ya iya kwanciya makonni yana jinya, jikinsa ba zai ɗauka ba. In kuma ya jingina nauyinsa a kan ƙafa uku, kofaton lafiyayyar ƙafa sai ya kamu da wani ciwo mai tsananin raɗaɗi. Haka ta faru da Barbaro, wanda ya lashe gasar Kentucky Derby a 2006 ya kuma karye a ƙafar baya bayan mako biyu. An yi masa aiki, an kashe kuɗi ba na wasa ba, an yi wata takwas ana fama, daga ƙarshe ciwon kofato ya sa aka yi masa allurar mutuwa a Janairun 2007.

Karayar ba kwatsam take zuwa ba

A da, in doki ya karye sai a ce mugun taku ya yi, tsautsayi ne. Binciken likitoci ya rushe wannan magana. Tun 1990 jihar Kalifoniya ta wajabta a feɗe duk dokin da ya mutu a filin tsere a ga abin da ya kashe shi. Likitocin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, waɗanda Farfesa Sue Stover ta daɗe tana jagoranta a wannan fanni, sun gano cewa a fiye da kashi 80 cikin 100 na irin wannan karaya, akwai tsohon rauni a daidai inda ƙashin ya ɓalle. Sau da yawa in aka duba ɗaya ƙafar da ba ta karye ba, sai a tarar irin raunin ya fara kama ta ita ma.

Ga yadda abin yake. Ƙashi abu ne mai rai. Duk gudu mai tsanani yana barin ƙananan tsaga waɗanda ido ba ya gani, jiki kuma yana gyara su da kansa: ya kwashe ɓangaren da ya lalace, sannan ya cike gurbin da sabon ƙashi. Kwashewar tana da sauri, cikewar kuwa takan ɗauki watanni, kuma a tsakanin nan ne ƙashin ya fi rauni. In aka ba dokin hutu, sai ya warke har ya fi da ƙarfi. In aka ci gaba da sukuwa da shi, tsagar sai ta yi ta faɗaɗa. Kamar wayar ƙarfe ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa: lanƙwasar ƙarshe ba ita ta karya ta ba, ƙarasa ta kawai ta yi.

Doki ba shi da bakin da zai ce ƙafata na ciwo. Abin da yake da shi ɗingishi ne, da ɗumi ko kumburi a gaɓa, da rage tsawon taku, da ƙin sakin jiki a guje. Duk abin da ya share waɗannan alamu ba tare da ya warkar da ƙashin ba, ya raba dokin da kariyar da Allah ya ba shi. A nan maganar magani ta shigo.

Maganin jinya da maganin cuta

Ba duk maganin da ake ba dokin tsere ba ne haramtacce. Akwai na kashe zafi da kumburi, akwai allurar da ake yi a cikin gaɓa don ta sauke kumburi, kuma likita yana da hujjar amfani da su ga dokin da ke jinya. Matsalar ita ce lokacin da aka bayar. Allurar gaɓa wata biyu kafin tsere, tare da hutu, jinya ce. In aka yi ta kwana uku kafin tsere don dokin ya wuce idon likitan fili ba tare da ɗingishi ba, cin amana ne, ga dokin da kuma mahayin da zai hau shi bai sani ba.

Akwai kuma Lasix, wanda Amurkawa suka shafe shekaru suna jayayya a kansa. Dawaki da yawa sukan yi zubar jini a huhu in suka yi gudu mai tsanani, wani lokaci har ya fito ta hanci. Lasix yana rage wannan, shi ya sa ake yin allurarsa awa huɗu kafin tsere. Amma magani ne mai sa fitsari, doki yakan zubar da ruwan da ya kai kilo 10 ko fiye, ya shiga tsere da sauƙin jiki. Ganin haka sai kusan kowa ya koma yi wa dokinsa, mai zubar jini da marar yi, don kada a bar shi a baya. A Ingila da Faransa da Japan da Hong Kong da Ostireliya ba a yarda da shi ranar tsere ba.

Sai kuma waɗanda babu wata jinya a cikinsu, cuta ce tsagwaronta: sinadaran gina tsoka, da masu ƙara yawan jini don doki ya daɗe bai gaji ba, da masu kashe raɗaɗi masu tsananin ƙarfi. A 2012 an gano a wasu jihohin Amurka ana yi wa dawaki allurar wani sinadari da asalinsa daga fatar wani kwaɗon Kudancin Amurka aka samo shi, wanda ya fi mofin ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin bai tsaya ga Amurka ba. A 2013 hukumar tseren Birtaniya ta dakatar da Mahmood Al Zarooni na shekara takwas, bayan an samu sinadarin gina tsoka a jikin dawakin da yake horarwa a Newmarket, a bargar Godolphin ta Sarkin Dubai. A Ostireliya kuma, a 2019, an dakatar da fitaccen mai horarwa Darren Weir na shekara huɗu saboda na'urorin jan doki da lantarki da aka samu a wurinsa.

Me ke sa mutum ya yi wa dabbar da yake kwana yana tashi da ita haka? Kuɗi ne. A Amurka kaɗai ana zuba fiye da dala biliyan 11 a cacar tseren dawaki duk shekara. Ko a Saudiyya da Dubai, inda ba a yin caca a filin tsere, ladan gasa ya isa ya ruɗi mutum: gasar Kofin Saudiyya dala miliyan 20 ake rabawa. Dokin da ya yi suna kuma, in ya bar tsere ya koma barbara, kuɗin ya fi haka. Ingarma Dubawi, a 2024, kowace goɗiya da aka kawo masa sai an biya fam 350,000.

A ƙasan harkar ma akwai tata jarabar. Yawancin tseren Amurka irin wanda ake kira tseren saye ne: duk dokin da ya shiga, an sa masa farashi, kuma wani mai lasisi zai iya ajiye kuɗi kafin a tashi, in an gama ya tafi da shi. A tsohon tsari, ko dokin ya karye a hanya, na mai saye ne. Mai gurgun doki sai ya danne ciwon da allura, ya sa shi a tsere yana fatan wani ya kwashe masa kaya. A filin Aqueduct na New York dawaki 21 suka mutu a hunturun 2011 zuwa 2012, kuma kwamitin da ya bincika ya nuna cewa ladan wasu tseren ya zarce kuɗin dawakin da ke cikinsu, har ya zama kasada da ran doki tana da riba.

Shari'o'in da suka tona asiri

A watan Maris na 2020 masu gabatar da ƙara na tarayya a New York suka gurfanar da mutum 27, cikinsu da masu horarwa da likitocin dabbobi da dillalan magani. Biyu daga ciki manya ne a harkar, Jorge Navarro da Jason Servis. An ɗaure Navarro shekara biyar, Servis shekara huɗu, likita Seth Fishman da ke haɗa magungunan kuma shekara 11. Wani dokin Navarro mai suna X Y Jet, wanda ya ci babban tsere a Dubai a 2019, ya faɗi ya mutu a farkon 2020. Dokin Servis kuwa, Maximum Security, shi ya lashe Kofin Saudiyya na farko kwanaki kaɗan kafin a kama maigidansa. Saudiyya ta riƙe ladan dala miliyan 10, kuma a 2024 ta ƙwace nasarar ta ba goɗiyar da ta zo ta biyu, Midnight Bisou.

Abin lura a wannan shari'a shi ne, ba ɗakin gwajin jini ne ya kama su ba. Jami'an hukumar bincike ta tarayya, FBI, ne suka yi ta sauraren wayoyinsu a asirce. Dawakin sun sha wuce gwaji lafiya lau, domin an haɗa magungunan ne musamman yadda na'ura ba za ta gane su ba. Wannan ya nuna cewa gwaji kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da masu bincike, da masu tsegunta abin da suka gani a barga, da ziyarar ba-zata.

Shekara guda bayan haka sai ga ta Medina Spirit, wanda ya zo na ɗaya a Kentucky Derby ta 2021. An samu wani maganin kumburi a jininsa, wanda halal ne a jinya amma dokar jihar ta hana a same shi ranar tsere. Mai horar da shi, Bob Baffert, wanda babu wanda ya fi shi suna a Amurka, ya ce daga wani man shafawa na ciwon fata ya shiga jikin dokin. Aka yi ta shari'a, a Fabrairun 2022 aka ƙwace nasarar aka ba dokin da ya zo na biyu, Mandaloun. Kafin nan, a Disamban 2021, Medina Spirit ya faɗi ya mutu bayan atisaye a Santa Anita, kuma binciken gawarsa bai tabbatar da takamaiman sanadi ba.

Doka ɗaya maimakon 38

Kafin gyara, jihohi 38 ne ke da hukumomin tsere a Amurka, kowace da dokarta da ɗakin gwajinta da irin hukuncinta. Maganin da aka hana a nan, an yarda da shi a can. Dokin da likita ya hana gudu a wannan jiha, sai a loda shi a mota a kai wata inda ba a san tarihinsa ba.

A Disamban 2020 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kafa hukuma guda ta ƙasa, wadda ake kira HISA a taƙaice, ƙarƙashin sa idon hukumar kula da kasuwanci ta tarayya. Mutum tara ne a kwamitin gudanarwarta, kuma biyar daga ciki dole su kasance ba su da hannu a harkar tsere. Dokokinta na kare lafiya sun fara aiki ranar 1 ga Yulin 2022, na magani da gwaji kuma ranar 22 ga Mayun 2023.

Yanzu kowane doki da kowane mai hulɗa da shi sai ya yi rajista. Duk maganin da likita ya ba doki sai an shigar da shi rumbun bayanai guda, wanda likitocin hukuma ke iya dubawa daga kowace jiha. Dokin da aka yi wa allurar gaɓa ba zai yi tsere ba sai bayan aƙalla kwana 14. Ana iya zuwa barga a ɗebi jini ko gashi kowane lokaci, ba sai ranar tsere ba. An hana Lasix a tseren 'yan shekara biyu da manyan gasanni. A tseren saye kuma, in doki ya mutu ko ya fito yana ɗingishi, cinikin ya warware, dokin yana wuyan mai shi na farko. Wannan doka ta ƙarshe ƙarama ce a ido, amma a ganina tana cikin mafi hikima, domin ta cire ribar da ke cikin sa gurgun doki a tsere.

Bayan kowane tsere, wanda ya zo na ɗaya da wasu da aka zaɓa ana wucewa da su kai tsaye wata barga ta musamman, ba a barin kowa ya ba su komai sai ruwa. A ɗebi jini, a jira fitsari, wani lokaci ma'aikacin yana yi wa dokin fito a hankali har ya yi. Sai a raba abin da aka ɗiba gida biyu a rufe da hatimi a gaban shaida, ɗaya a kai gwaji, ɗaya a ajiye, don in mai horarwa ya musanta sakamakon a gwada na biyun a wani ɗakin gwaji dabam.

Likitan da ke iya cewa a'a

Duk cikin gyare-gyaren nan, wanda ya fi ceton rai shi ne duban safe. Ranar tsere, tun da sassafe, likitan hukuma yana bi barga-barga. Ba mai doki ke biyansa ba, kuma wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Yana shafa hannu daga gwiwa zuwa kofato yana neman ɗumi ko kumburi, ya ɗaga ƙafar ya lanƙwasa gaɓar ya ga ko dokin zai janye. Sannan a ja dokin da ragama a yi sassarfa da shi a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, likita yana kallon kansa. Dokin da ƙafar gaba ke yi wa ciwo yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar mai ciwo ta taka, ya sauke in lafiyayyar ta taka. In likita ya ga haka sai ya cire shi daga tseren ya sa sunansa a jerin marasa lafiya, ba kuma zai sake gudu ba sai ya yi atisaye a gaban likita an gwada jininsa.

Na'urori sun zo sun ƙara wa ido ƙarfi. Tun ƙarshen 2019 Santa Anita ke da na'urar ɗaukar hoton ƙashi wadda ke nuna inda ƙashi ke fama tun kafin tsaga ta bayyana, kuma doki yana tsaye ake ɗauka, ba sai an kwantar da shi ba. Wasu filayen suna saƙala wata 'yar na'ura a ƙyallen sirdi, tana auna takun doki a guje, ta nuna wanda takunsa ya sauya.

Ostireliya ta nuna abin da hakan ke iya yi. Tsakanin 2013 da 2020 dawaki shida suka mutu sanadiyyar gasar Kofin Melbourne, cikinsu da Anthony Van Dyck wanda ya taɓa lashe Derby ta Ingila. Daga 2021 aka wajabta hoton ƙafa kafin a bar doki ya shiga gasar. A 2024 likitoci suka cire Jan Brueghel, dokin da ake ganin zai iya lashe kofin, bayan an kawo shi tun daga Ayalan, duk da cewa mai horar da shi, Aidan O'Brien, bai yarda da hukuncin ba. Tsarin da zai iya hana babban mutum irin wannan gudu, shi ne tsarin da ke aiki.

Ƙasar fili ma tana da nata. Alƙaluman Amurka sun daɗe suna nuna cewa an fi karyewa a filin turɓaya, sai na ciyawa, sannan filin da aka haɗa da yashi da roba da zare da kaki ya fi duka sauƙi. Bulala kuma an taƙaita ta: sau shida a tsere ɗaya a dokar HISA, haka a tseren Birtaniya marar tsallaken shinge tun 2023, inda wanda ya zarce da huɗu ake soke sakamakon dokinsa. Suwidin ta hana dukan doki don ya ƙara gudu tun 2022.

Kada a manta da mahayi. Mutum ne da nauyinsa bai fi kilo 50 da 'yan kai ba, a tsugune bisa gajerun likkafu, dawaki goma na biye da shi a guje. In ƙafar dokinsa ta ɓalle, da ka yake sauka. Ron Turcotte, wanda ya hau shahararren doki Secretariat a 1973, faɗuwa ɗaya a 1978 ta sa ya ƙarasa rayuwarsa a keken guragu. Hular kwano da rigar kariya da gwajin buguwar kai duk an tsaurara su, amma babbar kariyar mahayi ita ce a ɗora shi a kan lafiyayyen doki.

An samu sauƙi?

An samu. A 2009, lokacin da aka fara tattara alƙaluma na ƙasa, a duk fita tsere 1,000 dawaki biyu ke mutuwa a Amurka. A 2024, a filayen da ke ƙarƙashin HISA, adadin ya sauka zuwa 0.90, wato ƙasa da rabi. Sai dai wannan lissafin na tsere ne kawai, waɗanda ke mutuwa a atisaye dabam ake ƙirga su. Kuma a bazarar 2023, bayan dokokin kare lafiya sun fara aiki, dawaki 12 suka mutu cikin 'yan makonni a Churchill Downs, gidan Kentucky Derby, har aka kwashe sauran tseren zuwa wani fili. Bincike bai samu sanadi guda ɗaya ba.

Masu adawa da hukumar suna da ƙorafi, kuma ba duka ne na banza ba. Ƙananan filaye suna kukan kuɗin da ake karɓa don gudanar da ita. Ƙananan masu horarwa suna cewa na'urorin gwaji na yanzu suna gano abin da bai kai ƙwayar zarra ba, har maganin ciwon sukari da ma'aikacin barga ke sha yana iya shiga jikin doki ta hannunsa, a dakatar da mutumin da bai aikata komai ba, alhali mai kuɗi yana da lauyoyin da za su kare shi. Wannan kuka gaskiya ne, kuma hukumar ta sassauta wasu hukunce-hukuncenta a kan haka. Wasu jihohi, irin su Texas da Louisiana, sun ja da dokar, suna cewa ta saɓa wa tsarin mulki saboda ta ba hukuma mai zaman kanta ikon gwamnati, kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa wa juna, magana ta kai Kotun Ƙoli. Ni dai ina ganin a gyara inda aka zalunci ƙaramin mai horarwa, amma komawa zamanin da kowace jiha ke cin gashin kanta, dawaki ne za su biya da ƙafafunsu.

Akwai kuma abin da alƙaluman fili ba sa nunawa, wato makomar doki bayan ya daina gudu. Yakan bar tsere yana shekara biyar ko shida, alhali zai iya kai 25 a raye. Ferdinand, wanda ya lashe Kentucky Derby a 1986, an sayar da shi Japan don barbara, kuma rahotanni sun nuna a mayanka ya ƙare a 2002. Labarinsa na cikin abin da ya sa aka tashi tsaye wajen kafa gidajen ritayar dawaki da sake horar da su don wasu ayyuka, cikinsu har da wasan folo.

Mu ma mutanen doki ne, daga Kano da Katsina da Zazzau har Damagaram, kuma ƙashin dokinmu iri ɗaya ne da na Kentucky. Ba mu da na'urar hoton ƙafa ta miliyoyin kuɗi a filayen sukuwarmu, amma duban safe ba ya bukatar komai sai hannu da ido da ragama. Wanda dokinsa ke ɗingishi ana gobe sukuwa ko hawa, kada ya nemi allurar da za ta danne ciwon, ya bar shi a turke ya kira likita. Masu shirya sukuwa kuma su nemi likitan dabbobi wanda ba yaron kowa ba ne cikin masu dawakin, su ba shi ikon cire duk dokin da bai gamsu da ƙafarsa ba, ko na wane ne.